Reshen gora a Osaka

Shekara 11 ina sayen injina da giyar mota daga wani fili da ke bayan garin Osaka a Japan, amma ban taɓa haɗuwa da mai filin ido da ido ba. Wani dillali ɗan Pakistan ne a tsakaninmu. Shi ke turo hotunan kaya, ni in zaɓa ina zaune a shagona a Kofar Ruwa, a loda kwantena, bayan wata biyu ko uku ta sauka Legas. Motocin Japan sitiyarinsu a dama yake, ba su dace da titinmu ba, don haka kayan cikinsu muke nema. Da dillalin ya koma ƙasarsu a ƙarshen 2024, sai dattijon mai filin ya aiko cewa in zo mu ga juna, mu riƙa ciniki kai tsaye. Ya haɗa da roƙo guda: in yi ƙoƙari ranar 9 ga Janairu ta same ni a Osaka. Na ɗauka wani gwanjo za a yi ranar.

Biza a Abuja aka ba ni, bayan na kai takardar gayyata da bayanin asusun banki. Daga Kano jirgi ya kai mu Adis Ababa, muka sake wani, ya yada zango a Koriya ta Kudu, sannan muka sauka filin jirgin Narita, kusa da Tokyo, da dare.

A wurin shige da fice suka ɗauki hoton yatsuna biyu da na fuska, aka buga mini hatimi. Wajen ɗaukar kaya ne aka samu cikas. Uwargida ta ɗaure mini kilishi mai yawa, tsarabar mai masaukina, na kuwa rubuta a takarda cewa ina ɗauke da nama. Kafin ma in isa teburin wani ɗan ƙaramin kare ya zo ya zauna gaban jakata. Jami'in ya nuna mini takarda mai hotuna: nama, ɗanye ko busasshe, ba ya shiga ƙasar ba tare da shaidar hukumar dabbobi ba. Ya karɓe shi yana ta rusuna mini. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin kwana biyu ta yi tana fafutukar a yi mata mai kyau. Abin da ya rage a jakar shi ne dabino, ƙuli-ƙuli, yaji, da wata hula zanna da na saya wa dattijon.

Ɗan wani aminina, wanda ke karatun injiniya a can, shi ya tarbe ni. "Baba, sannu da zuwa, kun sha hanya," ya ce, ya cire rigar sanyinsa ya yafa mini, don sanyin da ya buge ni a bakin ƙofa ya wuce duk wani hunturu da na sani. Shi ya zame mini baki da kunne har na baro ƙasar. Ɗakin otal ɗin yen 8,000 ne a kwana. A lokacin yen ɗaya kusan naira 10 ce, sai ka lissafa. In ka shimfiɗa darduma tsakanin gado da bango, to, fili ya ƙare. Amma bayan gidansu na da famfon tsarki mai ruwan ɗumi, abin da ya sauƙaƙa mini sosai.

Ranar Litinin 6 ga wata muka fita unguwar Akihabara a Tokyo neman layin waya. Sai na ga maza da mata cikin baƙaƙen kwat, rukuni-rukuni, suna hawa wani tudu shiru. Na tambayi yaron ko wani babba ne ya rasu. Ya ce a'a, yau aka koma aiki bayan hutun sabuwar shekara, waɗannan kamfanoni ne, kowane da shugabansa da ma'aikatansa, za su wurin bautar Kanda Myojin neman sa'ar kasuwa. Muka bi su. Ni dai na tsaya gefe ina kallo, abin da na yi ke nan a duk wuraren da na shiga.

Kafin mutum ya ƙarasa sai ya tsaya wurin ruwa, ya wanke hannun hagu, ya wanke na dama, ya kurkure baki. Duk Musulmin da ya gani sai alwala ta faɗo masa a rai. In ya isa gaba ya jefa kuɗi cikin wani akwatin katako, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya yi shiru, ya sake rusunawa sau ɗaya. Da yawa yen 5 suke jefawa, wani tsabar kuɗi mai huji a tsakiya irin kwabon da kakanninmu suka kashe. Dalili kuwa, a harshensu "yen biyar" da "kyakkyawar alaƙa" lafazinsu ɗaya ne, go-en. Wannan wasa da lafazi na ci karo da shi sau da dama daga baya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani mutum mai furfura, da ganinsa ka san shi ne mai kamfanin, yana cikin layi ɗaya da yaran ofishinsa, hannu a haɗe, sanyi na kaɗa shi, ba wanda ya buɗa masa hanya kuma bai nema ba.

Washegari muka hau jirgin ƙasa mai gudu, Shinkansen, zuwa Osaka, yen 14,000 da 'yan kai. Tafiyar ta kai kilomita 500, ta fi Kano zuwa Abuja, amma awa biyu da rabi muka yi. Babu shinge, babu mai cewa buɗe but. Dutsen Fuji ya bayyana ta tagar dama, fari fat, ya ɓace.

Dattijon ya haura shekara 70, gajere ne, hannunsa irin na bakaniken da ya daɗe a sana'a. Ma'aikatansa Shaco suke ce masa, wato mai kamfani, ni ma na bi sahu. Yaron ya koya mini gaisuwar tsofaffin 'yan kasuwar Osaka, sai na gwada: "Mokarimakka?" Wato, ana samu? Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya amsa: "Boci boci denna." Wato, to, a hankali dai. Na ce wa yaron ai wannan "yaya kasuwa" ce da "da godiya". Ɗan kasuwa ko a ina ba ya faɗin ribarsa a bakin hanya.

A ofishinsa, can sama kusa da silin, akwai wani ɗan kanta na katako mai siffar ƙaramin gida, da ruwa da shinkafa da gishiri a gabansa. Kamidana suke kiransa. A kan tebur ga mutum-mutumin kyanwa mai ɗaga hannu, wai tana kiran masu saye. A bango kuma an rataye wani reshen gora da ya bushe ƙayau, an ɗaura masa tarkacen ado masu ƙyalli. Na daɗe ina kallonsa. Shaco ya lura, ya ce jibi zan gane.

Kwana biyu muka yi muna zaɓen kaya. Kowane inji da takarda a jikinsa: motar da aka ciro shi, da kilomitar da ya yi. Akwai wani da na riga na sa wa alama, Shaco da kansa ya zo ya goge alamar, ya ce yana shan mai, ba zai sayar mini ba. Abinci kuwa sai a hankali, don naman alade da giyar girki suna shiga kusan kowace miya. Dunƙulen shinkafa mai kifi da dafaffen ƙwai daga kantin kan hanya suka riƙe ni, ina barbaɗa yajina, sai da dare mu nemi gidan abincin 'yan Pakistan.

Ranar Alhamis 9 ga wata da yamma Shaco ya sa aka rufe fili da wuri. Ya hau kujera da kansa ya sauko da busasshen reshen nan, ya sa a babbar leda, muka nufi unguwar Naniwa. Bikin sunansa Toka Ebisu, kwana uku ake yi, 9 da 10 da 11 ga Janairu, kuma wurin bautar Imamiya da ke unguwar shi kaɗai yakan tara mutum wajen miliyan ɗaya a kwanakin nan. Ebisu, wanda mutanen Osaka ke kira Ebessan, shi suka ɗauka majiɓincin masunta da 'yan kasuwa. Suna zana shi da fara'a, da sandar fatsa a hannu ɗaya, jan kifi a hammata.

Tun daga tasha rumfunan masu soye-soye suka cika titi, hayaƙi na tashi, fitilun takarda jere a sama. Waƙa ɗaya ke fita daga lasifika, ba ta tsayawa: "Shobai hanjo de sasa motte koi." Yaron ya fassara mini: kana son kasuwa ta yi albarka, zo da reshen gora. Cunkoson ya kai na Kantin Kwari ana jajibirin sallah, sai dai ba wanda ya taka ni, ba wanda ya ture ni. Kafin mu shiga, Shaco ya je wani wuri da aka tanada ya ajiye tsohon reshen cikin tarin dubban irinsa, ya rusuna masa. Za a ƙona su. A wurinsu abin sa'a shekara ɗaya yake yi, sai ka mayar da shi inda ka karɓo, ka yi godiya, sannan ka ɗauki sabo.

Reshen kyauta ake bayarwa, ɗanye shar. Sun zaɓi gora ne saboda tana miƙewa sak, kuma sanyi ba ya kashe korenta. Adon da za a ɗaura shi ake saye. Wasu 'yan mata ne ke ɗaurawa, cikin fararen riguna da doguwar hula ruwan zinariya, fukumusume ake ce musu, ana zaɓo su duk shekara daga cikin dubban masu nema, har da ɗalibai baƙi. Na matsa kusa na ga abin da ake ɗaurawa: jan kifin nan da suke kira tai, don sunansa ya yi kama da kalmarsu ta murna; kwaikwayon tsohon kuɗin zinariya; ɗan buhun shinkafa; ƙaramar jakar kuɗi. Yarinyar ta ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ta girgiza ƙararrawa a kan reshen, ta miƙa da hannu biyu. Shaco ya biya sama da yen 10,000. Daga nan ya zagaya bayan ginin, inda mutane ke layi suna bubbuga wani faranti na ƙarfe. Sun ce Ebessan kunnensa da nauyi, sai an zagayo an tuna masa.

Da ya dawo, reshe biyu ne a hannunsa. Ya miƙo mini ɗaya da hannu biyu, ya sunkuyar da kai.

Gabana ya faɗi. Mutumin nan ya girme ni, shi ya gayyato ni, ya rufe sana'arsa da wuri saboda ni, kuma a saninsa babu kyautar da ta fi wannan da zai ba abokin ciniki. Na gane dalilin da ya sa ya ce ranar 9 ta same ni. Ni kuma ba zan iya rataye abin da aka roƙi wanin Allah a kansa a shagona ba, ba na kuma son in karɓa a gabansa in jefar a bayan idonsa, don wannan cin amana ne. Na ce wa yaron: "Ɗana, ka faɗa masa daidai yadda zan faɗa, kada ka rage, kada ka ƙara." Na ce na ga girman abin da ya yi mini, ba zan manta ba. Na ce a addinina arziki daga Allah ɗaya ake nemansa, ba a haɗa Shi da kowa, don haka reshen ba zai bi ni gida ba, amma zumuncin da ya sa aka saye shi na karɓa da hannu biyu.

Yaron ya fassara, muryarsa na ɗan rawa. Shaco ya yi shiru, ya dubi reshen, ya dube ni. Sai ya tambaya ni ina nake zuwa in zan roƙa wa kasuwata. Na ce ko'ina, sau biyar a rana, amma gobe Juma'a, ranar da muke taruwa. Ya gyaɗa kai, ya ce to gobe da asuba zai kai ni nasu, da rana kuma ya kai ni nawa. Ya haɗa rassan biyu ya saɓa a kafaɗa.

Ƙarfe 4 na dare ya zo da mota. Muka nufi Nishinomiya, tana tsakanin Osaka da Kobe, nan ne babban wurin bautar Ebisu na ƙasar. Ranar 10 ga wata, ƙarfe 6 daidai, ake buga ganga a buɗe wata babbar jar ƙofa, mutane su kwasa da gudu mita 230 zuwa ginin ciki. Uku na farko su ne "mazan sa'a" na shekarar. Waɗanda ke sahun gaba ƙuri'a ce ta ba su wurin. Mu muna can baya cikin dubban jama'a, gari bai waye ba, numfashi na fita kamar hayaƙi. Ƙarar gangar na ji, da ihu, sai taron ya fara motsawa a hankali. Tseren kansa a wayar yaron na gani daga baya, har da waɗanda santsi ya kwashe a kwana. Shaco ya ce wanda ya ci ba don kansa ya ci ba, aikinsa a shekarar ya raba wa mutane sa'ar. A ciki na ga wani kifin tuna da ya fi mutum tsawo, 'yan kasuwar kifi suka kawo, jama'a na manna masa tsabar kuɗi. Wanda nasa ya manne, wai kuɗi za su zauna a hannunsa. Na fita na yi asuba a wurin ajiye motoci, a kan kwali, yatsuna ba sa ko lanƙwasuwa.

Masallacin Kobe an gina shi a 1935, shi ne mafi daɗewa a Japan. Da muka tsaya a gabansa Shaco ya ce ya san ginin. A girgizar ƙasa ta 17 ga Janairun 1995, wadda ta kashe mutum sama da 6,000, masallacin bai faɗi ba, kamar yadda ya tsira daga ruwan bama-bamai na 1945. Shi kansa a girgizar nan rumfar filinsa ta rufta, ya yi kusan barin sana'ar. Na shiga na yi sahu da 'yan Indunusiya da Pakistan da Larabawa da Japanawa. Na roƙa wa iyalina, na roƙa wa kasuwata, na roƙa wa dattijon shiriya da lafiya. Da na fito yana cikin mota yana jira, ya fi awa ɗaya. A nan na ba shi hular, ya kafa ta a karkace, na gyara masa.

Ranar Lahadi ni da yaron muka je wurin bautar Fushimi Inari a Kyoto, minti 5 a jirgi daga babbar tashar garin, shiga kyauta. An kafa wurin tun shekara ta 711. Inari, abin bautar wurin, asali na shinkafa ne, da noma ya haifi kasuwanci sai 'yan kasuwa suka rungume shi. Ko'ina gumakan yanyawa ne, wasu da mabuɗin rumbu a baki. Abin da ke kawo mutane shi ne ƙofofin katako ja-ja, kusan 10,000, an jera su manne da juna har suka zama kamar rami, suna hawa dutse mai tsawon mita 233. In kana hawa ba ka ganin komai a jikinsu sai jan fenti. Sai ka juyo za ka sauko, ka ga kowace da baƙin rubutu a bayanta: gefe ɗaya sunan kamfani ko mutumin da ya kafa ta, ɗaya gefen ranar da aka kafa. Ƙarama ma yen dubu ɗaruruwa ce, babba ta haura miliyan. Shaco ya gaya mana shi ma ya kafa ɗaya bayan ya farfaɗo daga girgizar ƙasar, amma kada mu wahalar da kanmu nema, ta daɗe da ruɓewa, an sa ta wani a gurbin.

Ina saukowa ina tunanin kasuwarmu. Ba zan ce mu ba mu san irin wannan ba. Na san shagunan da aka binne laya a bakin ƙofarsu, na san masu yayyafa rubutu kafin su buɗe, na san masu cewa ba a ba da bashi da safe, kuma malamai sun daɗe suna faɗa a kan wanda ya halatta da wanda ya kauce. Tsoron da ke cikin ɗan kasuwa ɗaya ne a Kano da Osaka: ka zuba duk abin da ka mallaka cikin kwantena, ka miƙa ta ga teku. Ban yarda da inda suke kai roƙonsu ba, ba kuwa zan yarda ba. Amma na ga mutanen da ke komawa su ce sun gode, da ƙafarsu, a ranar da suka sa, kowace shekara. Ni da na san Wanda ya ba ni, sau nawa na yi saukar Alƙur'ani ranar buɗe shago, da kasuwa ta kankama kuma lissafin zakka ya zama sai an tuna mini? Wannan tambaya ta bi ni har cikin jirgi.

Ban da kuɗin jirgin sama da na kaya, kwana 10 sun ci mini kusan yen 190,000, rabi a masauki. Na dawo ta hanyar da na bi, na sauka Kano ƙura ta rufe gari.

Kwantenar ta iso cikin azumi, inji 46, ba wanda aka dawo mini da shi. Ranar da muka gama saukewa yaron ya turo mini hoto daga ofishin Shaco. Rassan biyu na rataye a bango, sun fara bushewa, hular kuma tana kan wani ƙusa a gefensu. Ya ce dattijon ya ce in gaya wa uwargida ya ji labarin kilishin, kuma in Janairu ta zagayo shi zai mayar da rassan duka biyu.